Kogin Kaladan, inda Kaka ya yi dako

A Kawo na tashi, a Kaduna, kuma tun ina firamare nake bi ta ƙofar barikin Dalet safe da yamma. Ban taɓa tambayar kowa ma'anar sunan ba. Na ɗauka wani Bature ne da ya yi zamaninsa ya wuce. Haka na ɗauki Kalapanzin, haka na ɗauki Chindit ta Zariya. Alhali kuwa mai amsar yana nan kishingiɗe a zauren gidanmu a kan buzu, rediyo a kunne.

Kakana na wajen uba ɗan mazan jiya ne, ya yi yaƙin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Yana da wani gwangwani da yake ɓoyewa ƙarƙashin matashi, a ciki akwai lambar tagulla mai siffar tauraro da wani ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa mai hoton baƙin gizo-gizo, kansa na kallon ƙasa. In hira ta motsa masa sai ya fito da ƙyallen ya shimfiɗa a gwiwa ya ce, "Ka ga wannan, abokina? Gizo ke nan. Shi ya kai mu, shi ya dawo da masu sauran kwana." Tambarin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ne. Kwamandansu, Janar Woolner, daga tatsuniyoyin Asante ya ɗauko shi, inda suke ce masa Ananse, amma a wurin Kaka Gizon Ƙoƙi ne, ba wani ba. Ya rasu a 1998, lokacin ina ƙaramar sakandare, hirar tsofaffi ba ta gabana. Abu biyu ne suka maƙale mini daga bakinsa: kalmar Kaladan, da labarin wani amininsa da bai dawo ba, wanda ya sa wa babana sunansa.

A Janairun 2016 ina karatu a Malesiya aka ba mu hutu. Na duba taswira na ga daga Kuala Lumpur zuwa Yangon, wato Rangun ta da, tafiyar jirgi ba ta kai awa 3 ba. Na kira Baba na faɗa masa niyyata. Ya yi shiru har na zaci layin ya katse, sannan ya ce, "In ka je, ka nemo mini mai sunana."

Kwana ɗaya na yi a Yangon na hau ƙaramin jirgi mai farfela zuwa Sittwe, babban birnin jihar Rakhine. Wannan jihar ita ce Arakan a bakin Turawa, Sittwe kuma ita ce Akyab. Gari ne a daidai inda Kaladan ke juye ruwansa cikin teku. Maza da mata duk zane suke ɗaurawa, matan sun shafa wani farin nikakken itace a kumatu, ƙasa kuwa ko'ina jan yawu kamar kasuwar 'yan goro, sai dai su ganye suke naɗewa su tauna. A kan manyan itatuwan tsakiyar gari jemagu ne rataye ɗaruruwa da rana tsaka. Kasuwar kifi tana da kifayen da ban san sunan ko ɗaya ba. Duk inda na gifta sai an juyo, yara su biyo ni suna dariya, wata tsohuwa ma ta kama hannuna ta murza ta duba yatsanta. Ban ji haushi ba, domin babu mugunta a fuskarta.

Washegari Juma'a ce. Na yi wanka na nufi babban masallacin garin, tsohon gini mai ƙubbobi da ado wanda ya haura shekara 100 a kan babban titi. Na tarar da ƙofa a garƙame, ciyawa ta cinye harabar, 'yan sanda da bindigogi zaune a bakin ƙofa. Ɗaya ya ɗaga mini hannu alamar in wuce, ko tsayawa kallo ba a so. Tun rikicin 2012 aka rufe shi. A wancan rikicin aka ƙone unguwanni, aka kwashe mutane kimanin 140,000, mafi yawansu Musulmin Rohingya, zuwa sansanoni a bayan gari. Waɗanda suka rage a cikin birni an killace su a unguwa ɗaya, Aung Mingalar, da waya mai ƙaya da shingen jami'an tsaro a kowace mashiga. Na tsaya daga nesa na hango wani dattijo mai farin gemu da hula a bayan wayar. Muka haɗa ido. Na motsa leɓe na yi masa sallama ba tare da sauti ba, ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. A ɗakin masauki na yi azahar raka'a huɗu, a garin da aka taɓa jin kiran salla daga kowane ɓangare. Na zo neman yaƙin da ya wuce shekara 70, ban shirya wa wannan ba.

Da asubar Asabar na shiga jirgin ruwa mai bene. Sanyi ne irin na hunturun Zariya, ga hazo ya rufe kogin har ba ka ganin ɗaya gaɓar. An loda buhunan shinkafa, kaji a kwando, babura, da limaman Buda cikin jan mayafi. Da rana ta ɗaga sai ƙasar ta buɗe: gonakin shinkafa da aka girbe sun miƙe har iyakar gani, ɓauna na kiwo da fararen balbelu a bayansu, masunta a ƙananan kwale-kwale masu tanti. Mun wuce Ponnagyun da hasumiyarta ta zinariya a kan tudu. Can gabas da arewa duwatsu ne shuɗaye jere bayan jere. A nan na fara gane abin da Kaka yake nufi in ya ce ƙasar ba ta da hanya sai ruwa.

Dalilin zuwan su Kaka nan yana da tsawo, amma ga gundarinsa. A farkon 1942 Japan ta mamaye Bama, Rangun ta faɗi a watan Maris, sojojin Ingila suka ja da baya har Indiya. A ƙarshen shekarar suka gwada dawowa ta Arakan don su ƙwato Akyab da filin jirginta, aka tare su a Donbaik, aka kora su da asara mai yawa. Har magana ta bazu a cikin sojoji cewa ba a iya karawa da Bajapane a kurmi. Dabarar Japanawa ɗaya ce kuma kullum tana ci: su ratsa daji su ɓullo ta baya, su datse hanyar da motocin abinci da harsashi ke bi, sai runduna ta rikice ta gudu. Janar William Slim, da aka ba Runduna ta 14, ya ga maganin abin shi ne sojan da bai dogara da titi ba. To ga mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda rundunarsu tun asali a kan ɗan dako aka gina ta. A 1943 aka zuba su a jiragen ruwa, suka zagaya ta Afirka ta Kudu suka sauka Bombay. Birged ɗaya, mai bataliyoyin Najeriya na 6 da 7 da 12, aka ware ta aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke a bayan sahun abokan gaba. Sauran, 'yan Gwalkwas (Ghana ta yanzu) da Gambiya da Saliyo da bataliya ta 4 ta Najeriya, aka tura su Kaladan don su tsare gefen hagu na babbar rundunar da ke gangarowa ta bakin teku.

Kaka yana cikin bataliya ta 4. Dagacin ƙauyensu aka ce ya ba da samari, ya ba da shi. Da farko ko bindiga ba a ba shi ba, sai adda da gammo, yana ɗaukar harsasan igwa a ka. Kafin su ga kogin ma sai da suka sare hanyar jif ta kimanin mil 75 daga Chiringa, ta cikin duwatsu da kurmin gora, da adda da diga da shebur. Bayan nan abincinsu daga sama yake zuwa. Su ne babbar runduna ta farko da aka ciyar kacokan ta jirgin sama, jiragen Dakota na sako kaya da laima a filayen da suka share. Na tuna yadda Kaka yake ɗaga hannu sama yana kwatanta saukowar buhu, mu yara muna dariya muna cewa tatsuniya ce. Allah Ya jiƙansa, gaskiya yake faɗa mana.

Suna cikin gangarowa kwarin sai Japanawa suka buɗe babban farmakinsu, wanda suka kira Ha-Go, a makon farko na Fabrairun 1944. Janar Sakurai ya ratsa da dakarun Runduna ta 55 cikin dare da hazo, suka zagaye Runduna ta 7 ta Indiya, suka datse mashigar Ngakyedauk. Amma a wannan karon ba a gudu ba. A wani ɗan fili a Sinzweya, inda aka tara ma'aikatan ofis da masu dafa abinci da masu jan alfadarai tare da 'yan tankoki, aka kafa aka tsaya, jirage na jefo abinci da harsashi, har sama da mako 2. Maharan sun faɗa asibitin sansanin cikin dare sun kashe likitoci da majinyata a kan gadajensu. Daga ƙarshe su da suka zo da guzurin 'yan kwanaki, da niyyar cin na abokan gaba, yunwa ta kama su suka janye. Shi kansa Ha-Go ɗin share fage ne, don a janyo dakarun Ingila kudu. Ainihin bugun ya zo a watan Maris, lokacin da Janar Mutaguchi ya tsallaka da runduna 3 ya nufi Imphal da Kohima a cikin Indiya. Zuwa Yuli wannan ma ya karye, sojojinsa dubbai suka mutu a hanyar komawa saboda yunwa da cuta da ruwan damina.

Bayan kamar awa 4 jirginmu ya bar babban kogin ya shiga ƙananan rassa masu lanƙwasa, har rassan itatuwa na shafar rufinsa. Da la'asar sakaliya muka isa Mrauk-U. Turawa Myohaung suke ce mata, ma'ana tsohon birni, kuma da wannan sunan akwai bariki a Yaba ta Legas, sojojin Ghana ma har yau suna bikin ranar Myohaung duk Janairu. Na zaci zan ga filin daga. Sai na tarar da babban birnin wata daula da ta yi mulki daga 1430 har Bamawa suka ci ta a wajen 1785. Ɗakunan ibada na baƙin dutse, masu kaurin bango kamar ganuwa, sun bazu a kan tuddai, tsakaninsu kuwa gidajen gora da gonakin kayan miya da 'yan mata masu ɗiban ruwa da tulunan gwangwani a kugu. Shittaung, wanda Sarki Min Bin ya gina a wajen 1535, sunansa na nufin gumaka 80,000. Ɗansa ya gina Koe-thaung ya ce nasa 90,000 ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin azurfa na sarakunan. Su mabiya Buda ne, amma da yawansu sun ɗauki laƙabin Musulmi, an kuma buga wasu kuɗaɗen da rubutun Larabci da Farisanci. Ashe an taɓa zama tare a nan, har a fada.

Na ɗauki ɗan rakiya, wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Rakhine mai ɗan jin Turanci, mutum mai haƙuri da kirki. Da na nuna masa hoton ƙyallen Gizo a wayata ya yi tsalle. Ya ce kakarsa ta sha ba su labarin baƙaƙen sojoji dogaye da suka sauko daga duwatsu da kaya a ka. An gaya musu wai mutane suke ci, duk ƙauyen suka gudu daji, da suka dawo sai suka tarar ba a taɓa ko kaza ba, har wani ya ba ta gishiri da gwangwanin nama. Ya kai ni gidansu, matarsa ta kawo mini taliyar shinkafa cikin romon kifi mai yaji, da ya ji ba na cin alade ya sa aka wanke tukunya a gabana. Amma da na ambaci masallacin Sittwe fuskarsa ta canza. Ya ce babu wasu Rohingya, Bangali ne baƙin haure. Na ce masa na ga dattijon da ya girmi ƙasar Bangaladash kanta. Ya kawar da kai ya ce ni baƙo ne, ba zan gane ba. Ban ƙara ba, domin ina cin abincinsa. Sai dai maganar ta tsaya mini a wuya, har yau ba ta wuce ba.

Da shi muka ɗauki mota zuwa Kyauktaw, tafiyar ƙasa da awa 2 a kan hanya mai ƙura. A nan Kaladan ya fi ƙanƙanta, ruwansa kore-kore, a hayi kuma ga tudu mai hasumiya a kansa. Su Kaka sun kama Kyauktaw a ƙarshen Fabrairun 1944. A farkon Maris dakarun Kanar Koba na Japan suka ɓullo musu ta gabas suka ƙwace tudun da Turawa ke kira Pagoda, wanda duk mai riƙe da shi yana kallon kwarin gaba ɗaya. Rundunar ta ja baya, aka bar gawawwaki da raunanan da ba a iya ɗauka ba. A wannan ja da bayan ne Kaka ya rabu da amininsa. Abin da yake faɗa kawai shi ne, "Yana bayana da kaya a ka, na waiga ban gan shi ba." Na sauka bakin ruwa na tsoma hannu. Wata mata na wanki, yara na iyo, injin wani kwale-kwale na ƙara. Na yi alwala da ruwan, na samu gindin wata bishiya na yi salla, malamin yana tsaye nesa kaɗan yana kore mini yara.

A cikin waɗanda aka bari a wannan kwari akwai Isaac Fadoyebo, ma'aikacin jinya daga yankin Owo, da David Kargbo ɗan Saliyo. An harbe su a bakin kogin a farkon Maris ɗin, aka ɗauka sun mutu. Musulmin wani ƙauye ne suka riƙa kai musu shinkafa da ruwa a ɓoye, daga baya wani manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa wata da watanni, alhali ya san in Japanawa suka gano, shi da iyalinsa sun gama yawo. Fadoyebo ya koma Najeriya ya rayu har 2012. Jikokin masu irin wannan halin ne na gani a bayan waya mai ƙaya.

Kuma yaƙin da ya kawo Kaka yana da hannu a cikin wannan wayar. Da Ingila ta gudu a 1942 ta bar Arakan babu hukuma, makamai a hannun kowa. Akasarin 'yan Rakhine suka karkata ga Japan da masu neman 'yancin Bama, akasarin Musulmi suka tsaya da Ingila, suna yi mata leƙen asiri a ƙungiyar V Force. Aka yi kashe-kashe ta kowane ɓangare, Musulmi suka tsere arewa, mabiya Buda suka tsere kudu, ƙasar ta rabu biyu. Manyan da suka kunna wutar sun koma Landan da Tokyo, sun sasanta, suna ciniki da juna. Shekara ɗaya da rabi bayan tafiyata, a Agustan 2017, sojojin Myanmar suka kori Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangaladash, da yawansu daga Buthidaung da ke bakin kogin Kalapanzin.

Kalapanzin ɗin nan ita Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta bi a Disambar 1944, mai tambarin māsu biyu gicciye a kan gammo. Suka kama Buthidaung, suka tsallaka duwatsu suka haɗu da Runduna ta 81 da ta sake gangarowa Kaladan bayan damina, suka shiga Myohaung tare a ƙarshen Janairun 1945. Akyab kuwa an shige ta a farkon watan babu harbi ko ɗaya, Japanawa sun riga sun fice. Daga filin jirginta da na Ramree aka riƙa ciyar da dakarun Slim har suka kai Rangun a watan Mayu. 'Yan 82 suka ci gaba kudu ta Dalet, Tamandu, An, Letmauk. Na karanta sunayen a taswirar malamin ɗaya bayan ɗaya, kamar ina karanta allunan barikokin Kaduna da Apapa da Yaba da Ibadan. Dalet ashe wani rafi ne da ƙauye a cikin fadamar bakin teku.

Ranar da zan bar ƙasar na ɗauki tasi daga Yangon zuwa maƙabartar Taukkyan, kamar tafiyar awa ɗaya arewa da birni. Wuri ne mai tsafta, ciyawa a aske, furanni a jere, samari da 'yan mata na zuwa ɗaukar hoto. Kaburbura sun haura 6,000, an kwaso su daga Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw. A tsakiya akwai dogayen ginshiƙai na farin dutse ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba. An rubuta cewa sun mutu ne domin dukkan 'yantattun mutane, da Turanci da Bamanci da Hindi da Urdu da rubutun Gurmukhi. Na zagaya ina neman Hausa, harshen da aka yi shekaru ana ba sojan Najeriya umarni da shi, ban gani ba. Raina ya sosu ƙwarai. Wanda aka karɓo daga hannun dagaci, ya mutu da kayan wani a ka, ƙasarsa kuma ba ta samu 'yanci ba sai bayan shekara 15, ya cancanci ko da layi ɗaya ne da harshen uwarsa.

Wani mai ban-ruwa ya ga ina ta kewaye, ya ajiye bututunsa ya ja ni zuwa ginshiƙan Afirka ta Yamma. Nan gwiwata ta yi sanyi. Sunan yanka ne, sai sunan gari ko na ƙabila a matsayin sunan uba: Kano, Sakkwato, Katsina, Zariya, Bauci, Yola, a ɓangaren Gwalkwas kuma Dagomba da Moshi da Frafra. Magatakardan da ya ɗauke su aiki bai tambayi sunan mahaifi ba, garin da suka fito kawai ya rubuta. Na bi da yatsa daga sama zuwa ƙasa, rana na dukan ƙeyata, har na kai kan sunan Baba haɗe da sunan garinsu Kaka. Na ga ɗaya. A ƙasansa na ga wani. A ginshiƙi na gaba na sake ganin na uku.

Na zauna a kan dakalin na kira gida, lokacin ko hantsi bai yi ba a Kaduna.

"Baba, na samu sunan. Amma su uku ne, suna ɗaya, gari ɗaya."

Na ji numfashinsa a wayar. Can ya ce, "Kana da alwala?"

Na ce ina da ita.

"To ɗaga hannu, ka sa wayar kusa. Ni zan yi addu'ar, kai ka amsa. Duka ukun."

Na miƙe na fuskanci yamma, na kara wayar jikin dutsen. Mai ban-ruwan ya je ya kashe famfonsa, ya dawo ya tsaya a gefena da hannuwansa haɗe a ƙirji har Baba ya shafa.